Ai Na Gaya Masa

Litinin, 6 ga Janairu 2003, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Minti talatin da tara. Daga ƙofar makarantarmu zuwa tsamiyar mararraba a dawo kilomita goma ne cif, na auna da babur ɗin hedimasta tun bara. Ba laifi ga mutumin da yatsunsa suka ƙage har ya kasa ɗaura igiyar takalmi.

Sanyin bana bai zo da wasa ba. Safa na sa a hannu, na naɗe kunne da rawanin Baba, duk da haka kilomita biyun farko ƙirjina zafi yake kamar na shaƙi barkono. Amma da an wuce gonar liman jiki ya buɗe, hanci ya daina zuba, sai ka ji ba ka son a taɓa ka da komai. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, ba laka, ba zufar kirki, zabi na tashi daga cikin kara. Wanda bai taɓa gudu da ɗari ba bai san daɗin gudu ba.

Tsofaffin da ke jin ɗumi a ƙofar masallaci sun yi tambayarsu ta kullum: “Malam Kamalu, wa yak koro ka yau kuma?” Shekara tara suna yi mini ita.

Malam Mahmuda, mai kula da wasanni na ƙaramar hukuma, ya tabbatar mini jiya. Asabar 25 ga wata za a yi gwaji a nan Bukkuyum, kuma mutum ɗaya tak za a ɗauka ya je Gusau gudun kilomita goma na jiha. Shekarata ashirin da tara. In ban je bana ba, na gama.

Laraba, 8 ga Janairu, bayan la'asar

An kawo Goggo Marka daga ruga da ƙafa a kumbure. Ƙanwar marigayi Baba ce, Bafulatani take aure a hayin gulbi. Likita ya ce sati uku za ta yi ana wanke mata ciwon kullum, don haka ta sauka ɗakin Inna. Ɗanta Sambo ne ya rako ta.

Ko sallama bai gama ba ya ce, “Ina bawana? Taho ka ɗauki kaya, ubangidanka ya iso!” Na ce masa bawan da ya yi wata shida bai zo gaisuwa ba bulala ce ta dace da shi. Inna da Goggo suna ta dariya.

Taubashina ne, na girme shi da shekara shida, amma taubashi ba ya sanin babba. Tun muna yara aikinmu ke nan, zagi da ƙarya. Ya taɓa tura ni har bakin gulbi wai saniyarsu ta haifi maraƙi mai kai biyu. Ni kuma na sa ya kwana da kwando a kai wai maganin farin jini ne. Doka ɗaya ce tsakaninmu ba a taɓa karya ta ba: in ɗayanmu ya ce wallahi, wasa ya ƙare.

Na ji daɗin ganinsa. Bari in rubuta wannan don ya zauna.

Alhamis, 9 ga Janairu, ƙarfe takwas na safe

Ya biyo ni. Wai yana son ya ga aljanin da ke kora ta kowace asuba.

Da takalmin roba ya fito, ya lulluɓa da mayafi, sanda a kafaɗa kamar zai tafi kiwo. Ni ina da kambas, ina da agogo, ina ƙidaya numfashi yadda aka koya mana a kwaleji. Shi kuwa bakinsa bai rufe ba tun daga makaranta har tsamiya. “Wanga shi ne gudun? Ai ni haka ni ka bin maraƙi in ya ɓalle.” Da muka juyo ya ce bari ya ɗan yi gaba, sanyi ya kama shi.

Na same shi a teburin Usama mai shayi yana kofi na biyu.

Na duba agogo. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, 10 ga Janairu, da safe

Talatin da shida. Nasa. Kuma ya tsaya kama ruwa a hanya.

Asabar, 11 ga Janairu, ƙarfe tara

Tsofaffin masallaci sun sauya tambaya. Da Sambo ya wuce, biyu daga cikinsu har miƙewa suka yi daga bakin wuta don su gan shi da kyau. Da na iso ina haki, ɗaya ya ce, “Malam, mi yas same ka? Ƙyale shi hakanan, ba ka kama shi!”

Na yi dariya, na ɗaga musu hannu. To me zan yi? Shekara tara ina wucewa ta gabansu, ko ɗaya bai taɓa ɗaga gindinsa ba.

Litinin, 13 ga Janairu, bayan azahar

Faso ya tsaga mini dugadugan dama, jini har cikin safa. Inna ta narka man kaɗe ta cika tsagar, na yi ta ɗingishi a aji, yara suna ƙunshe dariya.

Sambo ma yana da faso, ya fi nawa zurfi. Ya zauna bakin zaure da allura da zare ya ɗinke abinsa yana fito, ya shafa man shanu, ya tashi kamar ba a yi ba. Ya ce, “Kawo taka in ɗinke, bawana, kyauta.” Na ce ya je ya ɗinke bakinsa.

Na lura kunun da Inna ke zuba masa ya fi nawa kauri. Wataƙila idona ne. A'a, ba idona ba ne, na duba sau biyu.

Laraba, 15 ga Janairu, ƙarfe goma

Wani ya kai wa Malam Mahmuda labari. Yau ya fito da babur cikin wannan sanyi, ya naɗe kai da tawul, ya bi mu tun daga makaranta. Mu, in ji ni. Ya bi Sambo. Ni hayaƙin babur na sha.

Talatin da biyar da daƙiƙa ashirin, da sanda a kafaɗa. Malam Mahmuda ya kashe babur yana ta salati. Ya ce, “Kamalu, ina ka ɓoye wanga yaro?” Nan take ya zaro takarda ya rubuta sunansa cikin masu gwaji. A saman nawa ya matse shi, ga fili a ƙasa.

Ban ɓoye shi ba. Ni na nuna masa hanyar, ni na gaya masa kada ya sha ruwan sanyi da an tsaya, ni na koya masa miƙa jijiya. Wa ya tambaya?

Juma'a, 17 ga Janairu, bayan sallar Juma'a

Abin da ya faru yau da safe ya tsaya mini a rai.

Ya jira ni a gindin tsamiya. Rana ta fara fitowa ja, tururi na tashi daga kanmu mu biyu, shanun wani suna tsallake hanya. Na shirya jin zagi. Sai ya ce Malam Mahmuda ya gaya masa sojoji kan zo kallon gudun Gusau, su ɗauki sunan waɗanda suka yi gaba. Ya ce shanun babansa goma sha ɗaya suka rage, su kuma maza huɗu ne a gidan.

Ya ce, “Wallahi Kamalu, ban san akwai abin da na iya ba sai da na biyo ka. Wallahi.”

Sau biyu ya faɗa. Na ce Allah ya ba mai rabo. Ya dafa kafaɗata, ya ce mu koma tare, ba zai wuce ni ba yau. Haka ya yi ta rage gudu don in kamo shi. Da ya zage ni ma ya fi mini sauƙi.

Ina ƙyashinsa. Ga shi na rubuta. Ina ƙyashin ƙafarsa, da ƙirjinsa da ba ya haki, da yadda bai ma san abin da Allah ya ba shi ba. Ni na yi shekara tara ina roƙon abu, shi ya tsince shi a hanyar rakiyar asibiti.

Asabar, 18 ga Janairu

Ban fita ba. Mura.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ba mura ba ce.

Litinin, 20 ga Janairu, bayan magariba

Malam Mahmuda ya zo makaranta da tsakar rana. An dawo da gwaji Alhamis 23, saboda Gusau suna son suna kafin Juma'a. Zai tafi Gummi da Anka kan maganar motar da za ta kwashi 'yan wasa, sai Laraba da yamma zai dawo. Ya ce, “Ka gaya ma taubashinka, tunda gida guda kuke.” Na ce to.

Na gaya masa. A teburin Usama, a gaban mutum shida.

Talata, 21 ga Janairu, lokacin tara

Ai na gaya masa.

Talata, bayan la'asar

Ga yadda aka yi, don kada wani ya zo gobe ya ce wani abu.

Muna zaune ana shan shayi, hira ta yi daɗi. Na ce masa, ka ji an ce wanda ya ci Gusau jirgin sama za a ba shi? Aka yi dariya. Na ce kuma an hana gudu da takalmin roba, sai dai ya ara na Goggo. Aka sake dariya, ya jefe ni da ɓawon burodi. Sai na ce, af, kuma an dawo da gwaji ranar Alhamis.

Ya ce, “Alhamis? To in ka gan ta ka gaishe ta. Ni ba ni ƙara yarda da maganar bawa.” Usama har ya zubar da madara don dariya.

Me na yi? Magana ce aka ba ni, na isar. Ranar daidai ce, ban ƙara ba, ban rage ba. In mutum ya ƙi ji, laifin wa?

Yau ya yi talatin da biyar da rabi. Na yi talatin da takwas da arba'in, mafi kyau a rayuwata, ba wanda ya ce mini sannu.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Ya tafi ruga. Babansa ya aiko, za su matsar da shanu gonakin da aka girbe don su ci kara, ana neman hannu. Ya ce Asabar da asuba zai taho kai tsaye filin makaranta, gudun tahowar ya zama ɗumama jiki.

Na raka shi zaure. Yana ɗaure ƙunshinsa ya ɗago kai, fuskarsa ba dariya. Ya ce, “Assabar ko, Kamalu?”

Na ce, “Ai na gaya maka,” na yi dariya.

Ya ɗan dube ni, sannan shi ma ya yi dariya, ya ce, “Ja'iri. Ka yi ta shafa man kaɗe kahin in komo.” Ya tafi.

Na tsaya a zaure har ya sha kwana. Da na ɗaga murya zai ji.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe sha ɗaya

Mu bakwai muka fito. Malam Mahmuda ya riƙe usur a hannu minti ashirin yana kallon hanyar gulbi, mu kuma muna tsalle a wuri ɗaya haƙora na kaɗawa. Ya zo kusa da ni ya ce, “Ka gaya mai kuwa?” Na ce a gaban mutum shida, ya tambayi Usama. Ya yi tsaki ya ce yaran ruga sai Allah. Ya busa.

Talatin da takwas da daƙiƙa goma. Na biyu ya shigo bayan minti uku. Ni zan je Gusau.

Gudun ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Iska a bayana, ba kowa a gabana, hanya tas har tsamiya. Tsofaffin masallaci sun ɗaga hannu. Amma ɗaya sai da ya ce, “Ina mai sandar?”

Alhamis, bayan magariba

Na kai wa Inna labari tana tuƙa tuwo. Goggo ta yi guɗa daga ɗaki, ta ce ɗan yayanta ya fitar da su kunya, shi kuma wancan shashashan ya je ya yi ta bin wutsiyar shanu. Har yanzu ba ta gane ba.

Inna ba ta yi guɗa ba. Ta rage murya ta ce, “Sambo ya san yau ne?”

Na ce na gaya masa.

Ta ce, “Ka rantse mai?”

Na ce ita ma ta san mutum ba ya rantsuwa kan kowane ƙaramin abu. Ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce, “Ni na goye ku ku biyu, Kamalu.” Ta ci gaba da tuƙi.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ai na gaya masa. Mutum shida.

Asabar, 25 ga Janairu, ƙarfe goma na dare

Ban fita ba. Usama ne ya ba ni labari daga baya, ban tambaye shi ba.

Tun duhun asuba Sambo ya iso filin makaranta. Ya tsallako gulbi da ƙafa cikin wannan sanyi, wando a jiƙe har gwiwa, da sabon takalmin roba. Ya yi ta miƙa jijiya shi kaɗai yadda na koya masa. Har ƙarfe takwas yana nan. Sannan ya je teburin shayi ya ce ko an makara ne. Usama ya ce da ya gaya masa, sai ya ga kamar bai ji ba. Ya ce, “Alhamis ɗin da Kamalu yaf faɗi?” Usama ya ce ita. Ya zuba masa shayi, bai taɓa ba.

Ina zaune a tsakar gida ya yi sallama. Na shirya. Wallahi na shirya ya zage ni, ya shaƙe ni, ya fasa mini baki, da na bar shi. Ya gaida Inna, ya shiga ya gaida Goggo, ya daɗe a ciki. Da ya fito ya tsaya nesa da tabarmata, ya ɗan rusuna.

Ya ce, “Ina kwana, Malam. Barka da nasara.”

Malam. Tunda aka haife shi bai taɓa kira na haka ba sai in zai ƙara da wata tsiya. Na jira tsiyar. Ya ɗauki buta ya fita.

Goggo ba ta fito cin abinci ba yau.

Litinin, 27 ga Janairu, bayan azahar

Na je wurin Malam Mahmuda. Na ce ko za a iya sake gwaji, ko a sa sunan Sambo a madadin nawa, tunda kowa ya san wanda ya fi. Ya ce suna ya tafi tun Juma'a da hoto da sa hannu, ba a canzawa. Ya ce shi ma da ya sani da ya je ruga da kansa. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ƙaƙa ka gaya mai, Kamalu?” Na ce ina da aji.

Allah ya gafarta mini, da ya ce ba a canzawa sai na ji wani sanyi a raina. Na je ne don a ce na je.

Laraba, 29 ga Janairu, da hantsi

An sallami Goggo. Na kai hannu zan ɗauki ƙunshinta, Sambo ya riga ni. Ya ce, “Bar shi, Malam, kak ka ɓata riga.” Goggo ta sa mini albarka tana kallon bango.

Ya bar tsohon takalmin robarsa a zaure. Inna ta ɗauke ta ajiye a ɗakinta.

Asabar, 1 ga Fabrairu, Gusau, ƙarfe huɗu na yamma

Mu goma sha huɗu, kowace ƙaramar hukuma mutum ɗaya. An ba ni riga mai lamba, an kira sunana a lasifika. Shekara tara ina mafarkin jin wannan.

Na zo na goma sha ɗaya.

Wanda ya ci ya yi talatin da biyar da hamsin, ya zube ƙasa ana yi masa fifita. Na buɗe littafin nan na duba 15 ga Janairu, ko da yake ba sai na duba ba. Da sanda a kafaɗa.

Wasu mutum biyu masu kaki sun ja na ɗaya da na biyu da na uku gefe, suna rubuta sunayensu. Malam Mahmuda yana tsaye kusa da ni yana kallonsu. Sannan ya juya ya nufi mota.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Ban bi hanyar tsamiya ba yau. Na nufi gulbi, na cire kambas na tsallaka, ruwan ya kusa tsayar mini da numfashi. Na ce zan je ruga in faɗi abin da zan faɗa, ya yi mini duk abin da zai yi.

Ban kai ba na hango shi a gabana kan turba, shi kaɗai, yana gudu. Ba saniya a gabansa, ba maraƙi. Ashe bai daina ba. Kai, yaron nan ya iya gudu. Kansa ba ya motsi, ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. Ko a wannan hali sai da na ji ƙyashin nan ya taso mini, na ce me ya sa ba ni ba.

Na tattara numfashi na ƙwala, “Kai bawa! Tsaya ubangidanka ya iso!”

Ya waiwayo. Ya tsaya. Ya sauka daga turba ya shiga cikin kara, ya sauke sanda daga kafaɗa, yadda ake kauce wa babba.

“Ina kwana, Malam.”

Na ce, “Sambo, saurara. Wallahi ni na yi. Wallahi da gangan na...”

Ya ce, “Ba sai ka rantse ba, Malam. Na yarda.” Ya nuna turbar da hannu. “Wuce, hanya taka ta.”

Na tsaya ina haki, shi yana kallon ƙasa yana jira. Na ga ba zai ɗago ba, kuma ba zai motsa ba sai na motsa.

Na wuce. Karo na farko ke nan da na wuce Sambo.